Sai bango ya tsage

Ƴan'uwa, Hausawa na cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Darasinmu na yau a kan wannan magana yake. Za mu duba yadda soja ya ƙwace mulkin Nijar a shekarar 1996, da abin da ya buɗe masa ƙofa.

A 1991 aka yi babban taron ƙasa a Yamai. Aka yarda kowa ya kafa jam'iyya, kowa ya faɗi ra'ayinsa. A 1993 jama'a suka zaɓi Mahamane Ousmane, mutumin Damagaram, ya zama shugaban ƙasa. A Tasawa da Mayahi, maza da mata sun bi layi cikin rana sun jefa ƙuri'a. Kowa na sa ran sauƙi ya zo.

Amma baitulmalin gwamnati babu kuɗi. Tun shekarun 1980 farashin uraniyum ya faɗi, ga shi da shi ƙasa ta fi dogara. Ma'aikata na yin wata da watanni babu albashi. Sai kuma a watan Janairu na 1994 aka karya darajar sefa. A da, faran ɗaya na Faransa sefa 50 ne. Rana ɗaya ya koma sefa 100. Magani, taki, sukari da sauran kayan da ake shigowa da su duk suka yi tsada. Masu kai dabbobi Najeriya sun ɗan samu, amma mai saye da ɗan kuɗin hannunsa ya sha wuya.

Wani zai ce: ina ruwan manomi da albashin ma'aikaci? To, mu duba. Malamin lakwal a Mayahi bai samu albashi ba, sai ya ci bashi wurin mai tebur. Mai tebur ya kasa saro kaya. Mai tuwo da mai nama suka rasa ciniki. Malamai suka shiga yajin aiki, yara suka zauna gida. A likita babu magani. Kun gani? Wahalar mutum ɗaya ta zagaye gari. Wannan ita ce tsagar farko.

Tsaga ta biyu daga shugabanni ta fito. A watan Satumba na 1994 firaminista Mahamadou Issoufou ya ajiye aiki, jam'iyyarsa ta bar ƙawancen da ke mulki. Shugaba ya rushe majalisar dokoki. Aka sake zaɓe a Janairun 1995, ƴan adawa suka yi rinjaye, Hama Amadou ya zama firaminista. Ga shugaban ƙasa daga CDS-Rahama, ga firaminista daga MNSD-Nassara, ba sa ga maciji da juna. Suka yi ta jayayya a kan wa ke da ikon naɗa manyan ma'aikata. Har aka kai lokacin da taron ministoci ba ya zama. Kusan shekara guda ana wannan ja-in-ja, talaka na jiran a dube shi.

Mutumin da ya gaji yakan ce: kowa ma ya zo, in dai zai gyara. Ran 27 ga Janairu 1996, hafsan sojojin ƙasa, Kanar Ibrahim Baré Maïnassara, ya yi juyin mulki. Ya tsare shugaban ƙasa da firaminista, ya dakatar da jam'iyyu. Ya ce ya zo raba faɗa ne. Mutane da yawa sun yi murna, wasu suka yi shiru.

To, me ya biyo baya? Mai raba faɗa ya tsaya takara da kansa. A watan Yuli na 1996 aka yi zaɓe. Ana cikin aikin zaɓen ya rushe hukumar zaɓe mai zaman kanta, ya kafa wata. Aka tsare abokan takararsa a gidajensu. Aka ce shi ya ci da kashi 52 cikin 100. Wanda ya tashi da asuba daga ƙauyensa ya je ya jefa ƙuri'a, wasu ne suka yanke hukunci a madadinsa.

Kuma wahala ba ta gushe ba. Bashin albashi ya ci gaba, yajin aiki ya ci gaba. A 1998 sojoji ma sun yi bore saboda rashin biya. An kama ƴan adawa da ƴan jarida. Ran 9 ga Afrilu 1999 masu tsaron lafiyarsa suka harbe shi a filin jirgin saman Yamai. Daouda Malam Wanké ya riƙe mulki, a ƙarshen shekarar aka zaɓi Mamadou Tandja.

Ga abin da za mu riƙe. Yunwa na rage haƙurin jama'a. Rigimar shugabanni na sa jama'a su raina zaɓe. Idan biyun suka haɗu, mai bindiga na shiga cikin sauƙi. Shugaban da ka zaɓa, in ya gaza, kana iya sauke shi da ƙuri'a. Wanda ya shigo da ƙarfi, shi ke zaɓen ranar tafiyarsa, ko wata bindiga ta zaɓa masa. Saboda haka gyaran bango aikin kowa ne: mu san abin da doka ta ce, mu tambayi wakilanmu ina kuɗin haraji suka shiga, kada mu sayar da ƙuri'a don sabulu ko tiyar hatsi.

Tambayoyi

1. Me ya sami sefa a 1994?
2. Waɗanne tsaga biyu ne darasin ya ambata?
3. Ku tambayi wani dattijo yadda shekarar 1996 ta same shi, ku rubuta layi uku.