Ƙarfe, Wanda Ba Ƙarfe Ba, da Na Tsaka-tsaki

Wata malamar kimiyya ta rubuto mana daga Azare, tana tambaya: yaya za ta koyar da 'yan ƙaramar sakandare bambancin ƙarfe, wanda ba ƙarfe ba, da na tsaka-tsaki?

To Malama, mun gode. A ganina, kar a fara da hadda, a bar yara su taɓa da hannunsu. Ki kawo ƙusa, cokalin alminiyam, wayar jan ƙarfe da ɗan farar wuta, sai batirin tocila da ƙaramin ƙwan fitila. Batirin tocila fa, ban da soket. Ƙarfe yana sheƙi, yana lanƙwasuwa, in aka jona shi ƙwan zai kama. Farar wuta kuwa ba ƙarfe ba ce: lantarki ba ya ratsa ta, kina danna ta sai ta marmashe.

Na tsaka-tsaki, kamar silikon, yana sheƙi amma yana farfashewa, kuma lantarki kaɗan yake bari ya wuce. Silikon ɗin nan ne a cikin faifan sola da wayar salula. Nan yara za su kasa kunne.

Sai ki ba su mamaki: bakin fensir ba ƙarfe ba ne, amma lantarki na bi ta cikinsa. Zaiba kuma ƙarfe ce, amma ruwa-ruwa take. Tana da guba, a hoto kawai za a nuna ta.