Darasi: Sa'ad da Mai Bi Ya Gaji da Ransa

Karatu: 1 Sarakuna 19:1-18

Annabi Iliya ya ga ikon Allah a bisa Dutsen Karmel, amma da Yezebel ta aika masa da barazana sai ya gudu. Ya bar baransa a Biyasheba, ya yi tafiyar yini guda cikin jeji, ya zauna a gindin wani itace yana roƙon mutuwa. Ubangiji bai kira shi marar bangaskiya ba. Ya bar shi ya yi barci, mala'ika ya tashe shi sau biyu domin ya ci ya sha. A Horeb ya saurari kukansa, ya sanar da shi cewa akwai mutum 7,000 da ba su durƙusa wa Ba'al ba, sa'an nan ya ba shi Elisha abokin aiki.

A ikilisiyoyi da yawa, wanda ya shiga irin wannan hali yakan ɓoye kansa. Akan ce aljanu ne, ko sammu, ko wani zunubi da bai furta ba. Akan fasa aure da gidansu, a hana shi hidima, har a ɗaure wani da sarƙa a gidan addu'a. Tsoron wannan kunya yakan sa iyali su yi shiru har ciwo ya yi nisa.

Likitoci sun bayyana cewa baƙin ciki mai zurfi ciwo ne kamar hawan jini. Idan mutum ya wuce mako biyu ba barci, ba marmarin abinci, yana guje wa mutane, yana ganin ransa ba amfani, lokacin zuwa asibiti ya yi. Wanda ya ambaci kashe kansa kuwa, kada a bar shi shi kaɗai. Akwai asibitocin tarayya na ciwon ƙwaƙwalwa a Barnawa ta Kaduna, da Maiduguri, da Kware a jihar Sakkwato. Maganin yakan ɗauki makonni kafin a ga aikinsa, saboda haka kuskure ne a sa marar lafiya ya zubar da shi don nuna bangaskiya. Manzo Bulus kansa ya yi hidima tare da Luka likita (Kolosiyawa 4:14).

A shekarar 1954 Farfesa Thomas Lambo ya soma jinyar marasa lafiya a ƙauyukan Aro, kusa da Abeokuta, kowa da ɗan'uwansa a gefe, gama ya lura zama cikin jama'a yana taimakon warkewa. Wannan aiki ne da dattawan ikilisiya da zumuntar mata za su iya yi: ziyara, abinci, kuɗin mota zuwa asibiti, riƙe asiri, da addu'a.

Tambayoyi

1. Me Allah ya fara yi wa Iliya kafin ya yi masa magana?
2. Wace hanya iyali za su bi su haɗa addu'a da magani?