Me Ya Sa Contra Ke da Wuya Haka?

Ɗan'uwa mai tambaya daga Bonkuku, ɗanka bai gaza ba, wasan ne aka gina don ya kayar da mai bugawa. Kamfanin Konami na Japan ya fitar da Contra a 1987 don injinan shagunan wasa, inda sai an jefa sulalla ake bugawa. Harsashi ɗaya ke kashe sojan da ake bugawa da shi, domin faɗuwar ɗan wasa ita ce cinikin mai shago. Sai 1988 ya shigo na'urar gida ta Nintendo. Za ka ce ai a gida ba a jefa sulalla. Haka ne, amma tsaurin ya biyo shi, har sai da aka ɓoye dabarar samun rayuka 30 a cikinsa. Kada ka ƙwace wa ɗanka wasan, ka zauna ku buga tare, wasan yana ɗaukar mutum biyu.