Asiransi: abin da ya taɓa samun motarka ko mangazarka, faɗe shi tun ranar farko

Daga kaka zuwa rani ne kuɗi kan shigo hannun manoma, kuma a lokacin ne ƙungiyoyin ƙauyuka da ƴan kasuwar hatsi suke sabunta takardun motocinsu. Masu ɗaukar albasa daga Galmi da Madawa, da masu jigilar wake da aya daga kasuwannin jihar Maraɗi, duka sun san jandarma ba ya barin mota ta wuce babu takardar asiransi. Saboda haka da yawa daga cikinmu suka ɗauka takarda ce ta nuna wa jandarma kawai: a biya, a karɓa, a jefa cikin aljihun mota. Darasinmu na yau ya shafi abin da ke faruwa kafin a ba ka takardar, wato tambayoyin da ma'aikacin kamfani yake yi maka, da abin da amsarka za ta jawo maka daga baya.

Asiransi, wadda maƙwabtanmu na Najeriya suke kira inshora, ta yi kama da adashi ta wani gefe. Mutane da yawa suna zuba kuɗi kaɗan kaɗan wuri ɗaya. Amma a adashi kowa yana da ranar kwasarsa, a nan kuwa sai wanda tsautsayi ya faɗa wa ake biya. Kuma zubin ba ɗaya ba ne. Wanda motarsa ta yi haɗari sau uku a cikin shekara biyu ba zai biya daidai da wanda bai taɓa ko goge bango ba. Mangazar da wuta ta taɓa kamawa ba farashinta ɗaya da wadda ba ta taɓa ganin hayaƙi ba. To, kamfani bai san tarihin motarka ba, bai kwana cikin mangazarka ba. Da bakinka yake yanke kuɗin da za ka biya, kuma a kan maganar taka yake ɗaukar alkawarin biyan diyya.

Wannan ba son ran kamfani ba ne, doka ce. Ƙasarmu Nijar tana cikin ƙasashe 14 na Afirka da suke aiki da kundin doka ɗaya a kan sha'anin asiransi, wanda ake kira kundin CIMA. An sa hannu a kan yarjejeniyar a birnin Yawunde na Kamaru ranar 10 ga watan Yuli 1992, kundin kuma ya fara aiki a 1995. Ayar doka ta 200 ita ce ta tilasta wa duk mai abin hawa mai inji ya yi asiransi domin ɓarnar da zai iya yi wa wasu. A lura da kyau: wannan ta dole ba ta gyara maka motarka, mutumin da ka kaɗe ko dukiyar da ka ɓata take biya. Mai son a biya shi idan motarsa ta ƙone ko an sace ta, sai ya ƙara kuɗi ya ɗauki wata. Ayar doka ta 12 kuwa ta ɗora wa mai neman asiransi nauyin amsa tambayoyin kamfani daidai yadda abin yake.

Me ake tambaya? Ga mota, akan tambayi haɗarin da ta yi a shekarun baya, takardar kuma kan faɗi shekara nawa take nufi. Akan tambaya ko wani kamfani ya taɓa biyan diyya saboda kai, ko ya taɓa soke yarjejeniyarsa da kai, ko an taɓa karɓe wa direbanka permi. Ga gida ko mangaza, akan tambayi gobara, da sata, da ɓarnar ruwa, da irin ginin, na ƙasa ne ko na siminti.

A nan ne mutane suka fi zamewa, don haka bari mu tsaya. Haɗari daban, neman diyya daban. A ce kamiyon wata ƙungiya ya bugi amalanke a hanyar Tasawa bara, jaki ya karye, dattawa suka shiga tsakani, aka biya mai amalanke, aka rabu lafiya, jandarma bai zo ba, kamfani bai ji ba. Sulhu ya kashe magana tsakanin mutanen biyu, amma haɗarin ya faru. Idan takarda ta ce «shin motar ta yi haɗari?», amsa ita ce i. Idan ta ce «shin ka nemi diyya?», amsa ita ce a'a. Haka nan haɗarin da ba laifinka ba ne, wani ne ya buge ka ta baya kana tsaye: shi ma haɗari ne, a faɗe shi, a kuma bayyana wanda ke da laifi. Haka ruwan da ya shiga mangaza. A daminar 2024 ambaliya ta yi ɓarna mai yawa a jihohin Maraɗi, Damagaram da Tawa, har tsohon masallacin Birni na Damagaram ya rushe. Duk wanda ruwa ya jiƙa masa buhuna a wannan shekara, ko bangonsa ya tsage ya yaɓe shi, ya san amsar da zai bayar idan an tambaye shi ɓarnar ruwa, ko da sabon yaɓe ya rufe tabon.

Abin da ke sa mutum ya yi shiru sananne ne: yana tsoron a ƙara masa kuɗi. Wani lokaci ma mai tallar takardar ne da kansa zai ce: «Alhaji, bar wannan, ba sai mun rubuta ba», domin shi la'adarsa yake so. To, araha ba ta ado. Mu duba abin da doka ta tanada.

Ta raba abin gida biyu. Na farko shi ne wanda ya ɓoye ko ya yi ƙarya da gangan, har ya sa kamfani ya ga haɗarin bai kai yadda yake ba. Ayar doka ta 18 ta ce yarjejeniyarsa ɓatacciya ce tun tushe, kamar ba a taɓa ƙulla ta ba. Ba za a biya shi ba, kuma kuɗin da ya zuba ba za a mayar masa ba. Abin da ya fi zafi shi ne, ko da abin da ya ɓoye ba shi da alaƙa da masifar da ta same shi, hukuncin bai canza ba. Mutum ya ɓoye gobarar da ta taɓa yi masa ɓarna, sai ɓarayi suka fasa mangazar: ba zai ce ai ba wuta ba ce wannan karon. Idan kuwa mota ce ta kaɗe mutum, mai motar ya tashi ba shi da kamfanin da zai tsaya masa, kuɗin asibiti da diyya suna kallon gonarsa da garkensa.

Na biyu shi ne wanda ya manta ko ya yi kuskure, ba a kuma tabbatar da mugun nufi a kansa ba. Shi ayar doka ta 19 ta sassauta masa. Idan an gano kafin wani abu ya faru, kamfani zai iya ƙara masa kuɗi in ya yarda, ko ya soke yarjejeniyar kwana 10 bayan ya sanar da shi a rubuce, ya mayar masa da kuɗin sauran watannin. Idan kuwa sai bayan masifa aka gano, za a rage masa diyya gwargwadon abin da ya rage wajen biya. Ga misali. Wata ƙungiyar manoma ta biya jikka 60 a shekara saboda mangazarta, wato sefa 60.000. Da ta faɗi cewa wuta ta taɓa kama ta, da jikka 80 za ta biya. Ke nan ta biya kashi uku cikin huɗu. Gobara ta tashi, ta ci hatsi na sefa miliyon 2. Kamfani zai biya kashi uku cikin huɗu na miliyon 2, wato miliyon 1 da jikka 500. Jikka 20 da aka tsira da su sun zama asarar jikka 500. Ga mota akwai wani ƙarin: ba a rage wa wanda aka kaɗe haƙƙinsa saboda kuskuren mai mota. Kamfani zai biya shi cikakke, sa'an nan ya juyo ya bi mai motar bashin abin da ya wuce rabonsa.

Kada wani ya ce ta ina za su sani. Ranar saye ba a cika bincike ba, amma ranar biya kamfani yana aiko da gwaninsa, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibiya. Gwanin ya san tsohuwar walda daga sabuwa, ya san bangon da wuta ta taɓa lasa. Konsta da jandarma ko ƴan sanda suka taɓa rubutawa tana nan ajiye, takardun tsohon kamfaninka suna nan, makaniki da maƙwabta kuma suna da baki.

A ganinmu kamfanoni ma suna da nasu rabon laifi. Takardunsu da Faransanci suke, da ƙananan baƙaƙe, kuma ba kowane ma'aikaci ne ke zama ya fassara wa manomi tambaya ɗaya bayan ɗaya ba. Doka ba ta bar su haka nan ba. Ayar doka ta 7 ta ce idan kamfani ya yi tambaya a dunƙule, ba shi da ikon kafa hujja da cewa amsar da ya samu ba ta fito fili ba. Kuma shi ne zai kawo shaidar cewa da gangan aka ɓoye masa, zato bai isa ba. Amma wannan kariya a gaban alƙali take aiki, shari'a kuwa tana cin kuɗi da lokaci. Wanda bai iya Faransanci ba, ya tafi da ɗansa ko malamin cibiyar yaƙi da jahilci, a karanta masa kowace tambaya da amsar da aka rubuta da sunansa kafin ya sa hannu ko ya dangwala yatsa. Kada a sa hannu a kan takardar da ba a cika ba. A nemi kofi a adana. Abin da aka faɗa wa ma'aikaci da baki, bai rubuta ba, ranar gardama ba shi da amfani.

Magana ba ta ƙare ranar sa hannu ba. Idan wani sabon abu ya shigo wanda ya ƙara haɗari, har amsar da aka bayar da farko ta daina zama gaskiya, ana da kwana 15 daga ranar da aka sani a shaida wa kamfani a rubuce. Motar da aka ce ta ɗaukar kayan gona ce, sai ta koma ɗaukar mutane ranar kasuwa, tana cikin wannan. Haka mangazar hatsi da aka fara ajiye jarkokin fetur a cikinta. Idan kuma masifa ta auku, a duba wa'adin da yarjejeniya ta sa na sanarwa. Doka ta ce ba zai gaza kwana 5 na aiki ba, amma ga sata da mutuwar dabbobi awa 48 ne kawai. Makiyayin da ke nesa da gari ya riƙe wannan.

Sakataren ƙungiya zai taimaki kowa idan ya buɗe ɗan littafi na musamman: ranar da abu ya faru, wurin, abin da ya lalace, nawa aka kashe, wa ya biya. Shugabanni suna canzawa, wanda ya san labarin haɗarin bara wataƙila ba shi ne zai je ofishin kamfani baɗi ba.

Ga lissafi ga ɗaliban cibiyoyi, a yi shi a kan allo tare da malami. Wani ɗan kasuwa ya biya jikka 45, alhali jikka 90 ya kamata ya biya da ya tuna da satar da aka taɓa yi masa. Aka sake fasa mangazarsa, aka kwashe buhunan wake na jikka 800. Nawa kamfani zai ba shi? Nawa kuma zai samu idan aka tabbatar da gangan ya ɓoye?