Gyaran Tsohuwar Katifa: Jan Hankali ga Magidanta

Jama'a, mutumin da ya kai shekara 60, in dai yana samun barcin awa 8 kullum, ya yi shekara 20 ke nan a kwance. Duk da haka sai ka ga magidanci ya ɗinka shaddar Salla, ya sake fentin ƙofar gida, amma katifar da aka kawo tun ranar jeren amarya tana nan yadda take, tsakiya ta zama kwari, gefe ya zama tudu. Da asuba ya tashi dafe da kwankwaso, ya ce sanyi ne, ko ya ce girma ne ya zo. Sau da yawa laifin makwanci ne.

A da, audugar rimi iyayenmu ke ɗura wa katifa. In ta kwanta sai a farke bakinta, a zazzage, a shanya, a bubbuge ta da tsumagiya har ta tashi, a ƙara sabuwa a ɗinke. Soso daga baya ya zo. Wani Bajamushe, Otto Bayer, shi ya gano sinadarin da ake yin sa da shi a 1937, kamfanin Vitafoam kuma ya kafu a Ikko a 1962, sannu a hankali katifar soso ta mamaye ɗakunan amare. Sai dai soso ba ya jin bugu. 'Yan ramukan iska ne birjik a cikinsa, in nauyi da gumi da zafi suka karya su, sun karye ke nan har abada. Saboda haka gyaransa dabam yake.

Kafin ka kashe ko kwabo, sauke katifar ƙasa ka duba gadon. Wani lokaci katako ɗaya ne ya karye a tsakiya, kafinta zai gama da shi kafin shayi ya huce. In gadon lafiya yake, sami miƙaƙƙen katako ka gitta shi a kan katifar daga gefe zuwa gefe, ka duba ratar da ke ƙarƙashinsa. Sannan ka zuge rigar ka murza soson da yatsa. In yana marmashewa kamar garin kwaki, ko ya yi baƙin fumfuna yana warin raɓa, ko kuɗin cizo sun yi gida a cikinsa, to haƙura da shi, ya gama aikinsa. Wanda ya ɗora sabon soso a kan kuɗin cizo, bene ya gina musu.

To ga inda yawancin mutane ke yin asara. Mutum ya je kasuwa ya sayo soso mai laushi, ya shimfiɗa a kan ramin, ya kwana biyu yana murna, rana ta uku ya ji shi a kwarinsa na da. Soso mai laushi halin ruwa gare shi, gangare yake bi. Sai an cike ramin tukuna, sannan a yi zancen ƙari.

Na ga yadda wani mai kushin a unguwarmu ya yi da katifata. Ya shimfiɗa ta a kan tabarma, ya ja layi biyu da alli ya raba tsawonta gida uku, ya yanka da doguwar wuƙa yana wasa ta a kai a kai. Yankin tsakiya, wanda ƙugu ya cinye, ya mai da shi wajen ƙafafu, inda babu nauyi. Na wajen ƙafafun kuwa, da yake har yanzu da ƙarfinsa, ya kawo shi tsakiya. Ya shafa gam a fuskokin biyu, ya jira har ya daina kama yatsa, sannan ya haɗa ya danne da gwiwa. Da na tambaye shi dalilin jiran, sai ya ce ɗanyen gam ba ya riƙe soso, sai ya sha iska. In ramin bai yi zurfi ba, kife katifar kawai ya isa, ƙasanta ya koma sama.

In an zo ƙara soso, ƙa'idar jerawa guda ce: mai tauri a ƙasa, mai laushi a sama. Na ƙasa shi ke ɗaukar nauyi, na sama shi ke karɓar kafaɗa da ƙugu. In tsohuwar ta yi laushi gaba ɗaya, a sa mata a ƙasa soson nan na gutsattsari da aka matse wuri ɗaya, mai dabbare-dabbaren launi, kaurin inci 2. Na sama kuwa inci 2 zuwa 3 ya wadatar. Fiye da haka mutum zai nutse, juyawa ma ta zama aiki.

Wajen saye kada launi ya ruɗe ka, shuɗi ko ruwan hoda duk rini ne. Abin tambaya shi ne nauyi, wato kilo nawa ke cikin mita ɗaya tsawo da faɗi da tsayi. Shi ne lambar da masu sayarwa ke faɗa, 18 ko 25 ko 30. Ga lissafi mai sauƙi: soso mai ƙafa 6 da ƙafa 4 da rabi, kaurin inci 2, in mai lamba 30 ne zai kusa kilo 4, in mai 18 ne da ƙyar zai wuce kilo 2. Ɗaga biyun ka ji a hannunka. Mara nauyin shi ne mai araha, araha kuwa ba ta ado.

Akwai wani soso mai tsada da ke lotsawa a hankali ya ɗauki siffar jiki, wanda aka fara ƙirƙira a Amurka a 1966 don kujerun jiragen hukumar NASA. Daɗin kwanciya gare shi, ba musu, amma yana riƙe zafi. A ganina, wanda zai yi bazarar Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri ba tare da tabbacin wuta ba, ya bar wa masu na'urar sanyaya ɗaki.

Kada a yi saurin ɗinkewa. A jera tukuna, mai katifa ya kwanta a gefen dama yadda aka koya mana, uwargida ta tsaya ta bayansa ta duba. In gadon baya ya miƙe daga wuya zuwa ƙugu, an dace. In ƙugu ya zurma, a ƙara tauri. In kafaɗa ta tokare, a ƙara laushi. Bayan an manna, a bar ta a rumfa kwana 2 ko 3 warin gam ya fita, ba a tsakiyar rana ba, don rana na cin soso. Sannan tela ya ɗinka mata riga ta yadin auduga mai zif. Ledar nan da wasu ke bari a jikin katifa shekara da shekaru wai don kada ta tsufa, gumi kawai take tarawa. A cire ta, sai dai a shimfiɗa 'yar ƙarama inda yaro mai fitsarin kwance ke kwana.

Soso yana kama wuta nan da nan, hayaƙinsa kuma guba ne mai kashe mutum tun harshen wuta bai iso shi ba. Kyandir, da igiyar maganin sauro, da kaskon rushi lokacin hunturu, duk a nisanta su da gado. Jariri kuma kada a kwantar da shi a kan soso mai lotsawa, makwanci mai tauri ake so, a kwantar da shi rigingine.

Ya kai mai karatu, in ka gyara katifa, mako 3 ya wuce ciwon bayan yana nan, ko yana sauka ƙafa, ko ƙafar tana yin sanyi kamar ba taka ba, to ka bar zargin soso ka tafi asibiti a duba ka.