Yadda Ake Mayar da Tatsuniya Wasan Jarumai

A 1974 wasu Amurkawa biyu, Gary Gygax da Dave Arneson, suka fitar da Dungeons & Dragons, wasan da mutum ɗaya ke jan labari, sauran kowa ya ɗauki jarumi guda yana magana da bakinsa. Duniyar wasan sun ɗebo ta ne daga littattafan almara na Tolkien da Robert E. Howard da Jack Vance. Yaran Tambuwal da Kebbe suna da nasu rumbun cike da Gizo da Ƙoƙi da Dodo, kuma duk wanda ya taɓa yin tashe da azumi ya san yadda ake shiga rigar wani. Ga yadda ake haɗa abin.

Da farko a sami mai jan labari da 'yan wasa huɗu ko biyar, da littafin rubutu, da fensir, da ɗan lido ɗaya.

Sai a zana ƙasa. A fara da wadda ƙafa ta sani: Tambuwal a tsakiya, hanyar Sakkwato zuwa Jega ta ratsa, ga Dogon Daji, ga Kebbe can kudu, ga fadama. Inda sanin yaran ya ƙare, nan za a dasa kukar aljanu da rijiyar Dodo. Tsoro ya fi kama mutum in abin yana bayan garinsu.

Daga nan a nemo dalilin tafiya. A Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda ya fito a 1934, Alhaji Imam ya bar gida neman ruwan da zai warkar da ɗan sarki, Malam Zurƙe na cin karo da shi gari bayan gari. Matafiyan Tolkien kuwa zobe suka ɗauka za su halaka shi. Ginshiƙin ɗaya ne: buƙata, doguwar hanya, da abokin gaba mai dawowa.

Kowa ya zaɓi jaruminsa, maharbi ko ɗan tauri ko falke ko mai wayon Gizo, a rubuta masa baiwa ɗaya da rauni ɗaya. Maharbi ba ya kuskure, amma yana da saurin fushi. Mai wayo ya iya baki, kwaɗayi ne ke kā da shi.

Aikin da ya fi wuya shi ne mayar da abin al'ajabi ƙa'ida. A labaran Vance, matsafi na mance siddabarunsa da zarar ya furta shi, sai ya sake haddacewa. Gygax ya ɗauki wannan ya mai da shi dokar wasa, don kada matsafi ya fi ƙarfin kowa. Haka za a yi da namu. Layar zana ta ɓoye mutum sau ɗaya a dare, ta warware in ya yi magana. Maganin ƙarfe ya hana wuƙa, kada ya hana gora. Dodo ma a ba shi dokarsa: ƙarfi ba ya kashe shi, amma yana da wauta, ana iya yi masa dabara kamar yadda ake yi a tatsuniya. A ganina wannan ne ya kamata mu koya daga Turawa, mu bar musu dodanninsu masu aman wuta, don ba su da gurbi a fadamar Kebbe.

In jarumi ya tunkari abu mai haɗari, a jefa ɗan lido: huɗu zuwa shida nasara, ƙasa da haka matsala. In abin ya shafi baiwarsa, ya jefa sau biyu ya ɗauki mafi girma. Kada a sa ko sisi a kai, kar wasa ya koma caca.

Mai jan labari ya riƙe abu ɗaya. Kaka ta san ƙarshen tatsuniyarta tun kafin ta buɗe baki, shi bai da wannan ikon. In yaran suka ƙi yaƙar Dodo suka ce ciniki za su yi da shi, ya bar su, ya ƙirƙiro abin da Dodon zai nema.

In an tashi, wani ya rubuta abin da ya faru, a ɗora daga nan a zama na gaba. Irin wannan rubutu kan girma: littattafan Dragonlance na Margaret Weis da Tracy Hickman, da suka fara fitowa a 1984, daga duniyar wasan aka haife su.