Darasi: Rigimar Tsinken Zuƙar Lemo a Amurka

Uwargida, kin san tsinken nan da ake zuƙar lemo da shi? Ƙanƙaninsa da shi, amma har fadar shugaban Amurka sai da ya kai.

A shekarar 2024 gwamnatin Joe Biden ta tsara daina sayen kayan roba na amfani sau ɗaya a wuraren cin abincin ma'aikatunta nan da 2027. Dalili kuwa, roba ba ta ruɓewa, takan ƙare a teku ta halaka kifi da kunkuru. A watan Fabrairun 2025 Donald Trump ya sa hannu a umarnin hana ma'aikatu sayen tsinken takarda, don a cewarsa jiƙewa yake yi ya lalace.

Abin lura, gwamnati babbar mai saye ce. Abin da ta zaɓa, shi kamfanoni ke rububin ƙerawa.

Ke ma haka kike a gidanki, 'yar uwa. In suna ko biki ya taso, ki ba baƙi kofunan da za a wanke. Robar da aka watsar ita ke toshe kwata da damina, akuya ta haɗiye ta ta mutu.